Mace da Ƙaramar Bindiga: Haƙƙi, Doka da Maslaha

A watan Agustan 2021, sa'ad da Gwamnan Katsina na wancan zamani, Alhaji Aminu Bello Masari, ya tsaya a Jibiya ya ce wa jama'ar yankunan da 'yan fashin daji suka addaba su nemi bindiga su kare kansu, kuma ya sake nanata maganar a ƙarshen shekarar yana mai kafa hujja da ƙarancin 'yan sanda da halaccin kare kai a Musulunci, ƙasar nan ta ɗauki zancen ta yi ta juya shi, masu yabo na yabo, masu zargi na cewa hukuma ta sauke nauyin da Allah Ya ɗora mata ta aza wa talakawa. Amma a cikin dukan wannan ka-ce-na-ce, daga majalisun ƙofar gida har zuwa gidajen rediyo, kowa ya ɗauka, ba tare da an faɗa ba, cewa da maza ake. Haka aka sake yi a watan Yunin 2022, da gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta ce za ta raba takardun neman izinin riƙe bindiga ta hannun masarautu, manyan hafsoshin tsaro suka ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Aka yi ta jayayya a kan ikon gwamna da ikon shugaban ƙasa, aka manta da wadda idan an shiga gari da dare ita ake fara nema bayan shanu.

Wanda ya zauna a birnin Katsina cikin shekarun nan ba ya bukatar a karanta masa jarida kafin ya san a kan wa wannan musiba ta fi sauka. An kwashe ɗalibai maza fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disambar 2020, duniya ta girgiza. Ba a cika wata uku ba aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe ta ƙasar Zamfara. A watan Oktobar 2023 aka shiga gidan da wasu ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma suke zaune aka tafi da biyar. A farkon 2024 kuma aka tare mata 'yan kai amarya a ƙasar Sabuwa aka kora su daji da kwalliyarsu. Waɗannan su ne waɗanda alƙalami ya rubuta. Waɗanda bai rubuta ba su ne matan Batsari da Safana da Ɗanmusa da Faskari da sauran ƙauyukan bakin dajin Rugu, waɗanda abin da ya same su ba ya faɗuwa a gaban suruki, kuma da yawansu yau suna cikin birnin nan, a kangaye da gidajen da ba a gama ginawa ba, da goyo a baya da wani a hannu, mazajensu kuwa ko suna kabari ko suna hannun masu neman kuɗin fansa. To, idan mace irin wannan ta ce da tana da abin harbi a daren nan da ba haka ba, wane malami ne ko wane ɗan boko zai dubi idonta ya ce ta yi azarɓaɓi?

Mu fara da shari'a, domin a nan ne mutanenmu suka fi saurin kulle ƙofar da Allah bai kulle ba. Fuƙaha'u sun yi wa wannan mas'ala bayani a ƙarƙashin hukuncin tunkuɗe sa'ili, wato mai kawo farmaki a kan rai ko mutunci ko dukiya, kuma ba su keɓe haƙƙin ga namiji ba. Malaman Malikiyya, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukan birnin nan tun zamanin su Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marna, sun ce ana fara yi wa maharin gargaɗi idan mai fahimta ne kuma hali ya bayar, a tunkuɗe shi da mafi sauƙin abin da zai iya kau da shi, idan kuwa ya tabbata ba zai kau ba sai da kisa, to jininsa ya tafi a banza, babu ƙisasi babu diyya. Game da macen da ake nufin keta wa mutunci kuwa, malamai da yawa sun zarce halacci, sun ce wajibi ne a kanta ta kare kanta gwargwadon ikonta. Hadisi ingantacce ya ƙidaya wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa cikin shahidai, wata ruwayar ta ƙara da mai kare jininsa da mai kare iyalinsa. A cikin sira kuma, Ummu Sulaim ta riƙe wuƙa ranar yaƙin Hunaini, mijinta Abu Ɗalha ya kai maganar gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka tambaye ta ta ce ta tanade ta ne domin duk wanda ya kusance ta daga cikin abokan gaba, Annabi ya yi dariya bai hana ta ba. Nusaiba 'yar Ka'abu ta sha sara a Uhudu tana kare shi. Safiyya 'yar Abdulmuɗɗalibi, gwaggonsa, ta kashe wanda ya zo leƙen asirin mafakar mata ranar yaƙin Gwalalo da sandar tanti. Saboda haka duk wanda ya ce makami a hannun mace haramun ne a kan kansa, sai ya kawo nassi, kuma ba zai samu ba.

Ashe abin da ya raba 'yar Katsina da tunanin bindiga al'ada ce, kuma al'adar tana da asali. Bindiga ta shigo ƙasar Hausa ta ƙofar fada. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Sarki Babba Zaki, na ƙarni na 18, da cewa shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki, kuma har gobe a nan Katsina ranar hawan Salla 'yan bindigar fada ne ke ɗura albarushi, su danna shi da tsumma, su ɗaga baki sama su saki aradu hayaƙi ya turnuƙe hanyar Ƙofar Soro, dawaki na zabura, mata da yara na toshe kunne suna guɗa. Bayan fada sai mafarauta, masu sana'ar da ɗa ke gada wajen uba tare da layunta da asirinta da sharuɗɗanta. Da Turawa suka zo, sun riga sun ƙulla yarjejeniya a birnin Burasal tun 1890 cewa za a taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan ƙasashen Afirka, suka riƙe masu kyau a bariki, suka bar wa 'yan ƙasa bindigar toka. Fada, da daji, da bariki: wurare uku ke nan da matar aure ta cikin birni ba ta taka su, don haka ba abin mamaki ba ne idan ta tashi tana ganin bindiga kayan wata duniya ne da ba tata ba.

Idan aka zo nan, masu son ƙarfafa wa mata gwiwa sukan jawo sunan Sarauniya Amina ta Zazzau, da Sarauniya Mangu ta Lugu wadda ta tari rundunar Bule da Shanuwan ta Faransawa a 1899, da kuma, a zamaninmu, Aisha Bakari Gombi ta Adamawa, wadda ta gaji farauta ta shiga daji da bindiga tana bin sawun 'yan Boko Haram har aka yi mata sarautar mafarauta. Duk gaskiya ne, amma ni ban cika son a riƙa kafa hujja da su a wannan mas'ala ba, domin kowace daga cikinsu tana da runduna a bayanta, alhali kuwa wadda muke magana a kanta mace ce ita kaɗai a ɗaki, da tsakar dare, da yara huɗu a kan tabarma.

Su kansu matan ba bakinsu ɗaya ba, kuma wanda ya saurare su a gidan biki ko gidan gaisuwa ko ɗakin malamai na makaranta zai ji haka. Wadda ta ga abin da idonta takan yi magana gajera, ba ta ado: gara a mutu ana yi da a mutu ana roƙo. Ma'aikaciyar da aiki ke kai ta Funtuwa ko Malumfashi, wadda ke fita da safe tana ƙirga shingayen jami'an tsaro, tana duba agogo kada la'asar ta yi mata a hanya, takan ce da doka ta yarda da ta koya, ko don ta daina jin cewa ita kaya ce da kowa ke iya ɗauka. Amma mafi yawa, musamman iyayenmu, da ka ambaci bindiga sai su ce wa'iyazu billahi, wannan ai shaiɗan ne a cikin gida, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Allah dai Ya tsare. 'Yan mata kuwa dariya suke yi su ce wa zai aiko neman auren mai bindiga, matan aure su ce mai gida ba zai yarda ba, ko ya yarda me dangin miji za su ce. Kirarin birnin nan ya shaida wa mutanensa kunya ya kore musu tsoro, kuma a ganina haka lamarin yake a nan: macen da ke iya ratsa daji da dare da jariri a baya ba matsoraciya ba ce, abin da ke riƙe hannunta shi ne kada a ce ta fita daga sahun mata. Wannan kunya ba hujjar shari'a ba ce. Sai dai kuma maganar iyayenmu ta shaiɗan a cikin gida, wadda 'yan boko ke ɗauka camfi ne, tana da ƙarfin da za mu gani nan gaba.

Kafin nan ga doka, wadda yawancin masu wannan muhawara ba su taɓa buɗe ta ba. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 33, bai ɗauki kisan da aka yi wajen kare kai daga farmaki ko kare dukiya a matsayin tauye haƙƙin rayuwa ba, muddin ƙarfin da aka yi amfani da shi bai wuce bukata ba, kuma dokar laifuffuka ta Arewa ta amince da haka tun 1960. Amma Dokar Makamai ta 1959, wadda aka yi ana saura shekara guda Turawa su miƙa mulki kuma har yau ita ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka da 'yan'uwanta da ake ɗurawa ta baki, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Bindigar harbin tsuntsu da ta wasanni da ta iska, izininsu na hannun Sufeto Janar. Kashi na uku su ne haramtattu, waɗanda babu mai riƙe su sai da izinin shugaban ƙasa, kuma a cikin wannan kashi, tare da bama-bamai da rokoki da bindiga mai jigida da bindigogin soja, aka jera libarba da fistol. Wato ƙaramar bindigar da za ta shiga jakar hannu, wadda ita ce ake kwatanta wa mata a ƙasashen waje, a dokar Nijeriya zamanta ɗaya da gurneti. Dokar ba ta ambaci namiji ko mace ba; ta hana wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka kama da laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka gabata. Ko izinin ƙananan ma, rundunar 'yan sanda ta sha sanar da cewa ta dakatar da bayar da shi, har da sanarwar Sufeto Janar Kayode Egbetokun a 2023. Alhali kuwa cibiyar ƙididdigar ƙananan makamai ta birnin Janeba ta ƙiyasta a 2018 cewa akwai bindigogi kimanin miliyan 6 a hannun farar hula a Nijeriya, kuma kowa ya san yadda rumbunan makaman Libiya suka tsiyaye ta cikin Sahara bayan 2011. Mai bin doka ne kawai dokar ta kwance wa ɗamara. Wannan shi ya sa kiran Janar T. Y. Ɗanjuma a Jalingo a 2018, da kiran Masari, da ƙudurin da Sanata Ned Nwoko ya kai majalisar dattawa a 2024 na a bar farar hula su riƙe makami, duk suka sami masu saurare.

To, a ce gobe an buɗe ƙofar, me za mu tarar a bayanta? Akwai waɗanda suka riga mu shiga. A Amurka, inda tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa haƙƙin riƙe makami, cibiyar bincike ta Pew ta samu a 2023 cewa kashi 25 cikin 100 na mata suna da bindiga, maza kuwa kashi 40, kuma a wani binciken nata na 2017, cikin mata masu bindiga kashi 27 sun ce kare kai ne kaɗai dalilinsu, alhali maza kashi 8 ne suka faɗi haka. Tsakanin farkon 2019 da watan Afrilun 2021 mutum wajen miliyan bakwai da rabi suka sayi bindiga a karon farko, kusan rabinsu mata. Namiji a can yakan haɗa kare kai da farauta da sha'awa da gado, mace kuwa tsoro ke kai ta shagon, kuma 'yan kasuwa sun gane haka suna yi mata masu launin hoda. A Indiya, bayan fyaɗen da aka yi wa wata ɗaliba a cikin motar safa a birnin Delhi a watan Disambar 2012 har ta rasu, masana'antar makamai ta gwamnati a Kanfur ta fito a 2014 da wata libarba mara nauyi mai suna Nirbheek, rabin kilo, a cikin akwati mai shimfiɗar karan-miski, a kan rufi fiye da dubu 120, kuɗin da matan da suka fi shiga motar safa da dare ba sa samu a shekara. Masu fafutukar mata a can da yawa suka ce cin fuska ne. Darasin ya shafe mu kai tsaye, domin ko da an halatta fistol a Katsina, matar da ke G.R.A. a bayan katanga da mai gadi ce za ta iya saye, ta Batsari kuwa kuɗin awon gero take nema.

Sai kuma abin da likitoci suka gano, wanda shi ne mafi nauyi a mizani. Binciken da Jacquelyn Campbell da abokan aikinta suka buga a 2003, daga birane 11 na Amurka, ya nuna cewa matar da mijinta ke dukanta, idan yana da bindiga a hannu, haɗarin ya kashe ta yakan ninka wajen sau biyar. Masana na jami'ar Stanford, ƙarƙashin David Studdert, sun bi bayanan miliyoyin mutanen jihar Kalifoniya na shekara 12, suka samu cewa wanda ke zaune gida ɗaya da mai ƙaramar bindiga ya ninka wanda ba haka ba sau biyu wajen mutuwa ta hanyar kisa, ya ninka shi sau bakwai wajen mutuwa da harbin abokin zamansa na aure, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka kashe ta wannan hanya mata ne; a wani binciken nasu na 2020 kuma, mace mai ƙaramar bindiga ta ninka wadda ba ta da ita sau 35 wajen kashe kanta da harbi. Mai hankali zai ce wannan ƙiyasi ne tare da bambanci, domin Kalifoniya ba ta da dajin Rugu, kuma imani yana yi wa Musulmi katanga daga kashe kai. Na yarda. Amma fushi bai san iyakar ƙasa ba, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, domin bai sani ba ko shaiɗan ya fizgi hannunsa. Maganar iyayenmu ke nan, a bakin da ya fi nasu.

Mai karatu ya dubi gidan Bahaushe na cikin birni, a Yarinci ko Rafin Daɗi ko Ƙofar Sauri, ya gaya mini inda za a ajiye ta. Ƙarƙashin katifa? Nan yara ke tsalle da hantsi. Cikin sif? Makullin na rataye a ƙusa, 'yar aiki ta san wurinsa, ƙanin miji ɗan shekara goma sha tara da ke kwana a shago ya san wurinsa. Cikin kwalla a ƙasan jeren kwanoni? Kafin ta sauke jeren an ɓalle ƙyaure. Bindigar kare kai dole ta kasance kusa kuma a ɗure, bindigar gidan yara dole ta kasance nesa kuma a kulle, kuma sharaɗin nan biyu ba sa haɗuwa a ɗaki guda mai labule maimakon ƙofa, a gidan da kishiyoyi biyu ke raba tsakar gida ɗaya da madafa ɗaya, 'ya'yan wannan na shiga ɗakin waccan ba sallama. Bayan haka, mu faɗi gaskiya tsakaninmu: duk abin da ya shigo gidan aure mai daraja, ko da sunan matar aka rubuta a takarda, ranar da mai gida ya miƙa hannu ya ce kawo in ajiye, ya zama nasa. Macen da ta saya don tsoron baƙo, ta yiwu ta ɗaura wa na gida ɗamara ne.

A ƙauye kuwa mas'alar ta ƙarfi ce tsagwaronta. Maharan nan ba ɗaiɗai suke zuwa ba. A kan babura suke zuwa da yawa, biyu ko uku a kan kowane, da AK-47 mai cin harsashi 30 wadda ke kaiwa nisan ɗaruruwan mita, alhali libarba harsashi shida take ci, kuma ko a hannun gwani ba ta da tabbas idan abin harbi ya wuce 'yan taku kaɗan, balle a hannun wanda ya farka daga barci cikin duhu zuciya na dukan uku-uku. Tarar wannan da waccan kamar tarar gobarar daji ce da ruwan buta. Sa'an nan akwai ramuwar gayya, wadda mutanen karkara suka fi kowa saninta: a watan Agustan 2025 aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi aka kashe mutane da dama, kuma hukumomin jiha suka ce ramuwa ce a kan kwanton ɓaunar da mutanen garin suka yi wa maharan kwanaki kaɗan kafin nan. Ba ina cewa a miƙa wuya ba, Allah Ya kiyaye. Ina cewa tsaron gari aikin jama'a ne mai tsari da shugaba da hisabi. Mun kuma ga abin da makami ba hisabi ya haifar a hannun wasu 'yan sa-kai, da yadda matan rugage, waɗanda su ma mata ne kuma Musulmi, suka biya bashin da ba su ci ba.

A cikin birni ne kaɗai, inda abin tsoron shi ne ƙauraye masu wuƙa da masu ƙwacen waya a lungu da ɓarawon da ya haura katanga shi kaɗai, hujjar ƙaramar bindiga take da ɗan ƙarfi, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Amma harsashin da ya kuskure ɓarawo a unguwa mai cunkoso ba ya komawa cikin bindiga. Yana ratsa ƙyauren langa-langa ya sami wanda ke alwala a gidan maƙwabta. Ƙa'idar malaman usulu ita ce tunkuɗe ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo amfani, kuma a nan ɓarnar kullum tana gida, amfanin kuwa dare ɗaya ne da la'alla ba zai zo ba.

Ɓangaren nishaɗi, wanda mutane za su ɗauka shi ne mafi nisa da mu, ni a wurina shi ne mafi kusa. Musulunci ya kwaɗaitar da koyon harbi, har fuƙaha'u suka halatta sa kyauta a gasarsa kamar yadda suka halatta a tseren dawaki da raƙuma, kuma garin da ya riƙi sukuwa da folo tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Sarki Usman Nagogo ba baƙo ba ne ga wasan da asalinsa horon yaƙi ne. Harbin saiti wasa ne na natsuwa da riƙe numfashi, ƙarfin damtse ba ya yanke hukunci a cikinsa. A gasar Olamfik ta Basalona a 1992 wata 'yar Sin, Zhang Shan, ta doke maza ta ɗauki zinare a harbin faifai, a ta Faris a 2024 kuma Manu Bhaker ta Indiya ta ɗauki tagulla biyu da ƙaramar bindigar iska. Wasa ne da ake yi a tsaye cikin cikakkiyar sutura, babu gudu babu cuɗanya, wanda mai hijabi za ta yi ba ta sauke komai ba. Bindigar iska kuma ba ta cikin kashin haramtattu. Babu abin da zai hana Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Al-Qalam ko Kwalejin Hassan Usman su nemi izini su keɓe zaure na mita 10, 'yan sanda mata ko sojoji mata su koyar, a yi harbi a mayar da kayan ma'aji a kulle. Wadda ta koya a nan ta san yadda ake gane bindiga a ɗure take ko wofi, ta san abin da katangar ƙasa ke tarewa da abin da ƙyaure ba ya tarewa, ta san ta inda ake kwanciya idan an fara harbi, kuma ranar da ɗanta ya shigo da wani ƙunshi ya tura ƙarƙashin gado ba za a ce mata kayan gyaran babur ne ta yarda ba. Ilmin ya shiga gida, ƙarfen ya kwana a waje.

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha a watan Oktobar 2023 da matasa fiye da dubu, kuma a nan ne ya kamata a faɗaɗa wa mata wuri na haƙiƙa, kamar yadda larura ta sa 'yan gora na Maiduguri suka ɗauki mata tun 2013 domin binciken 'yan'uwansu mata a shingaye. Mace ce ta san gidan da aka fara dafa abincin da ya fi ƙarfin mutanen gidan, ita ce wadda aka keta wa haddi za ta iya buɗe wa baki, kuma ita ce aka fi cutarwa sa'ad da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan a watan Satumbar 2021, domin wayar ita ce makamin da ke hannunta.

Idan kuwa wata rana majalisa ta gyara dokar 1959 ta buɗe ƙofar lasisi, abu biyu nake roƙo a rubuta a ciki. Na farko, kada a sa wa mace sharaɗin da ba a sa wa namiji ba. Bazawara mai riƙe da marayu a gefen gari, idan ta ci jarrabawar horo ta nuna ma'ajin da ke kulluwa, ta fi saurayi mai zafin kai cancanta. Na biyu, kada a ba magidanci izini sai an ji ta bakin matarsa, a keɓe, ta hannun jami'a mace. Ba sabon abu ba ne: dokar makamai ta Kanada ta 1995 ta sa ana sanar da matar mai nema, har da wadda suka rabu ba da daɗewa ba, kafin a ba shi, Afirka ta Kudu kuma, bayan dokarta ta 2000 da ta tsananta binciken halin mai nema ta kuma hana wanda aka sani da dukan iyali, masu bincikenta na kiwon lafiya sun ga kisan mata da bindiga ya ragu ƙwarai tsakanin 1999 da 2009. A gida mai mata biyu ko uku, a tambayi kowace ita kaɗai, kuma idan ɗaya ta ce a'a, a rubuta dalilinta a ɓoye sunanta, a dakatar da takardar har a bincika.